Tankuna a Saman Teloli

Kafin ciwo ya kwantar da shi, Injiniya ba mutumin da ake jin daɗin gayyata buɗe sabon gini ba ne. Kowa na yaba fenti, shi kansa na sama, yana duban inda ƙarfen kwance ya haɗu da ginshiƙi. Aikinsa ke nan tun yana saurayi: zana rumbunan ajiya da masana'antu na ƙarfe, lissafa nauyin rufi da bugun iska, faɗin kaurin farantin ƙarfe da yawan notin da zai riƙe kowace mahaɗa. Matarsa, Allah ya jiƙanta, takan ce da noti ya aura da an zauna lafiya.

Sai hawan jini ya shanye masa ɓarin dama. Hannun zane ya mutu, harshe ya yi nauyi, sai ya yi gumi kafin kalma ɗaya ta fito. Kai kuwa garau.

Autarsa tela ce. Ba mai zama da shi a gida, don haka take tura shi a keken guragu zuwa wani babban zauren ƙarfe da teloli ke haya, ta ajiye shi gefen teburinta.

Nan ya ga abin. Mai ginin ya sa an ɗora manyan tankunan ruwa a kan rufin da kwano kaɗai aka yi shi ya ɗauka. Ƙarfen da ke ƙarƙashinsu ya yi ciki. A mahaɗar, rabin ramukan noti fayau suke, an dai ɗiɗɗiga walda kamar kashin kaza, farantin har ya fara buɗe baki. Auta na zaune daidai ƙarƙashin wurin.

"Ruwa," ya ce.

Ta miƙo masa kofi. Ya buge shi, ruwan ya jiƙa yadi.

"Baba, don Allah. Kayan mutane ne fa."

"Ruwa... sama."

"Babu hadari, Baba, rana ce ƙwal."

Teloli suka yi dariya, wani ya ce tsoho ya koma hasashen yanayi. Injiniya ya ɗauki allin ɗinki da hagu zai zana, layukan suka fito kamar sawun tsutsa.

Washegari ya kafa ƙafarsa mai lafiya a dokin ƙofar zauren, ya ƙi a shiga da shi. Ta lallashe shi, ta yi faɗa, sai ta ga hawaye na bin gemunsa, abin da ko ranar rasuwar mahaifiyarta ba ta gani ba. Ta durƙusa.

"Nuna mini, Baba. Ba na sauri."

Da nuni ya sa ta kawo gwangwanayen maɓalli biyu da rular katako da dutsen guga. Ta gitta rular a kan gwangwanayen, ya ɗora dutsen a tsakiya. Rular ta lanƙwashe, gefe ɗaya ya zame, dutsen ya faɗo ƙasa. Ya ɗaga yatsa sama. Auta ta bi yatsan da ido har kan ƙarfen da ya yi ciki a ƙarƙashin tankunan.

Da ta kai wa mai ginin maganar, ko ɗaga kai bai yi ba. "Mai waldata ya ce ko mota aka ɗora zai ɗauka. Tsohon da ba ya iya faɗin sunansa ne zai koya mini gini? Wadda ba ta yarda ba, ga ƙofa."

Ta je ofishin masu duba gine-gine, suka ce za su turo mutum. Ta kira wani tsohon abokin aikin mahaifinta, ya ce yana tafiya, in ya dawo zai leƙo. Ta kwashe keken ɗinkinta ta koma aiki a falon gida. Mata biyu suka bi ta. Sauran suka ce suna da bakunan ciyarwa.

Yanzu kullum da safe ba ya karɓar abinci sai ta tura shi tsallaken titi, daura da zauren. Yana ɗaga hannun hagu ga duk mai shiga, bakinsa na rawa. Su kan tsaya su ce, "Baba, ya jiki?" sannan su wuce ciki. Can sai a tayar da injin da ke cika tankunan, shi kuma ya damƙe hannun kujera har sai an kashe.