Malam Ba Ya Korar Tumatir

Shekara talatin da ɗaya Malam ya yi yana koyar da 'yan aji ɗaya a firamare, kuma abin taƙamarsa guda ne: bai taɓa korar ɗalibi ba. Mai majina, mai cizo, wanda zai shekara biyu bai iya rubuta sunansa ba, duk yana riƙe da abinsa. Matarsa ta sha jin wannan kirari har ta haddace. Ba ta taɓa zaton wata rana zai biyo ta har tsakar gida ya tsaya mata a wuya ba.

Da sauran ƙarfinsa aka yi masa ritaya. Wata bakwai ya yi a kan kujerar roba a ƙofar ɗaki, ba hira, ba faɗa, abinci sai ya tsakura ya ture. Mutumin da a da ake jiyo muryarsa tun daga bakin titi! Wannan shirun ya ba ta tsoro fiye da kowace irin cuta.

Sai ga shi ruwa ya cinye gadar shiga gari, kwana tara babu motar kaya ko ɗaya. Kasuwa ta bushe ƙayau, tumatir guda sai an yi layi. A rana ta tara Malam ya miƙe daga kujerar nan ya ce, “Gidan da ba zai iya ciyar da kansa kwana tara ba, ai ba gida ba ne, tasha ce.” Ranar har hamdala ta yi a ranta. Da ta san abin da ke tafe, da ta rage murna.

Tsakar gidan siminti ne, taku goma a tsaye, shida a kwance. Malam ya cika shi da tsofaffin tayoyi, da buhunan siminti, da bokitan fenti, duk don shuka tumatir. Da suka ƙare sai ya waiwayo kan kayanta. Bokitin wanka ya huda shi da ƙusa, robar wanke-wanke ta bi sahu, igiyar shanya ya kwance wai tana tare wa “yara” rana. Yara fa! Ita da ta haifa masa biyar ba ta ga ya taɓa damuwa da ko rana na taɓa su ba. Abin da ya rage mata babban bahon wankinta ne kawai, shi ma a ƙarƙashin gado take ɓoye shi.

Duk wannan mai sauƙi ne. Inda gizo ke saƙar shi ne, Malam sai ya juye iri ƙunshi guda a bokiti ɗaya, su tsiro cunkus kamar gashin kai, sannan ya ƙi rage ko ɗaya. Maƙwabciyarsu mai sayar da kayan miya ta leƙo ta ce, “Malam, a cire ƙananan, a bar biyu a kowane bokiti. In ba haka ba duk tare za su lalace.”

“Wanne za a cire?” in ji shi. “Laifin me ya yi?”

Shukar farko ta tashi siri-siri kamar tsintsiya, aka samu tumatir bakwai, kowanne bai fi maɓallin riga ba. Ta biyu ko bakwan ba a gani ba. Amma kullum da safe yana nan da littafinsa, yana bin layi, aji ɗaya, aji biyu, aji uku, yana duba wa ya ɗago, wa ya langaɓe. Ita kuma tana bin gefen bango da kwanon tsane shinkafa, tana tuntuɓe da taya.

“Malam, wai lambu muke yi ko gidan marayu?”

“Haƙuri, Maman yara. Wani yaron a makare yake ganewa.”

Ina dalili! Da ta biyun ta mutu, kwana biyu ya koma kan kujerar roba yana kallon bango. Ta san idan ta uku ta bi su, ba zai ƙara tashi ba.

Ranar da ya tafi asibiti karɓo sabon tabarau, ta ɗaura zani da kyau ta durƙusa gaban aji uku. Bokiti shida ne. Ta bar biyu masu ƙwari a kowanne, sauran ta tuge su tana mita: shekara nawa tana haƙuri, gida ya zama juji, ko wurin shanya ɗankwali babu. Ta watsa su bayan tankin ruwa ta wanke hannu. A lissafinta, da idon nan nasa ba zai lura ba. Ta manta abin da ya je karɓowa.

Ko takalmi bai cire ba ya tsaya cak.

“Ina 'yan aji uku?”

Ta riga ta cika ta batse, don haka ba ta tsaya ɓoye-ɓoye ba. “Ni na cire su! Haba Malam, haba! Shuka biyu ka kashe da tausayi. In ba a rage wasu ba, ta ina sauran za su samu wuri?”

Ta gyara tsayuwa tana jiran faɗa. Wallahi so ma take ya yi, ko ta ji tsohuwar muryar nan. Bai yi ba. Ya zagaya bayan tanki, ya durƙusa da kyar, ya shiga tsintar su ɗaya bayan ɗaya yana karkaɗe musu saiwa, yana jerawa a gefen rigarsa.

“Haka suka ce mini ranar da suka ba ni takardar ritaya,” ya faɗa a hankali, bai ɗago ba. “Wai a rage wasu, sauran su samu wuri.”

Tun da aka yi masa ritaya take tambayarsa abin da aka faɗa masa a ofis ɗin nan, bai taɓa amsawa ba sai yau. Ya miƙe yana waige-waige, ba bokiti, ba buhu, ba taya ko ɗaya da ta rage. Sai ta ga idonsa ya sauka kan kujerar roba.

Ta shige ɗaki da sauri, ta janyo bahon daga ƙarƙashin gado, ta fito ta kifa shi a gabansa. Ta ɗauko ƙusa da guduma da hannunta. Sau takwas ta buga, kowane bugu sai ta ji shi a ƙirjinta, don bahon nan ya girmi autansu.

“Ga sabon aji,” ta ce. “Amma ka ba su tazara, kamu ɗaya-ɗaya tsakani, ko in sake tuge su kana kallo.”

Malam ya gyara tabarau ya duba hudojin. Can ya ɗaga murya, irin wadda ake jiyowa daga bakin titi. “To miƙo ƙasa mana, Maman yara! Kin tsaya kallona yara na shan rana!”

Ta ja tsaki mai ƙarfi ta tafi ɗauko ƙasar. Da za ta wuce, ta sa ƙafa ta ture kujerar roba can bayan tanki.