Sunan 'yar fari da ban taɓa kira ba

Shekara bakwai ke nan cif da muka binne 'yata ta fari a nan New York, kuma har yau ban furta sunanta da bakina ba. Waɗanda suka tashi a gida sun san dalili: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kuma yabonsa a gaban mutane. Haka na ga uwata ta yi da yayanmu. Makarantar mishan ta ƙara mini nata horon, inda ake mayar wa yarinya da littafinta saboda ɗigo ɗaya da ta manta. Da waɗannan biyu na rene ta a unguwar Highbridge da ke yankin Bronx, ina ce mata "ke", ko kuwa "Yaya" kamar yadda ƙannenta suke faɗa.

Ni na fara koya mata do-re-mi, wato matakan sautin waƙa, a teburin kicin, da rula a hannuna. Tana shekara goma sha huɗu malamarsu ta waƙa ta ce muryarta soprano ce, wato mafi tashi sama a cikin muryoyin mata. Daga nan ta shiga horo mai tsawo: yadda ake ɗauko numfashi daga ciki, yadda ake tsayuwa, ga Italiyanci da Jamusanci da take haddacewa a jirgin ƙasa tsakanin Bronx da Manhattan. Ta yi shekara shida tana opera, wasan kwaikwayon da ake rera shi, a ƙananan garuruwan Jamus. Da ta dawo ta rera a majami'u da wuraren jana'iza da gidajen tsofaffi, daga baya ta koma koyar da yara.

Ranar da ta fara tsayawa ita kaɗai a gaban zaure cike da mutane, na tafi tare da maƙwabciyata Hajiya Asabe, mutuniyar Kumasi mai shagon atamfa. Da aka tashi, iyaye suna ta rungumar 'ya'yansu. 'Yata kuma ta ratso jama'a, furanni a hannu, ta tsaya gabana ta tambaye ni da Turanci yadda na ji. Zuciyata kamar ta fashe don murna. Na kau da kai yadda ya dace da uwa, na ce numfashinta ya yanke a baiti na uku.

A cikin bas Hajiya ta taso mini.

"Malama, wallahi ke soja ce! Ni ko kalma ɗaya ban fahimta ba, amma tsigar jikina ta tashi. Ke kuma numfashi kika ji?"

Na ce yarinyar ta san tarbiyyar gidansu.

"Wane gidan? A Bronx kika haife ta. Yaran nan, in ba ki faɗa ba, ba su ji ba."

Ban saurare ta ba. Gyaran da na yi daidai ne, kuma a lokacin ina ganin daidai ya wadatar.

Ciwon huhu ne ya kwantar da ita. Wata ranar Talata da hantsi a asibiti ta riƙe hannuna ta ce, da Hausarta mai tuntuɓe, "Mama, yau dai ki kira ni da sunana." Akwai nas a ɗakin tana duba ruwan da ake ƙara mata. Na ce bari ta fita tukuna. Kafin ta fita barci ya ɗauke yarinyar, ba ta kuma sake farkawa ba.

Ina yawan tambayar kaina abin da za ta ce game da wannan zamani. Ɗalibanta sun sa waƙoƙinta a intanet, baƙin da ba su taɓa ganinta ba suna rubuta sunanta suna yabo, wasu ma ba su iya rubuta shi daidai ba. Ina jin za ta yi dariya, don ta san yabon da ake rabawa kowa ba shi da nauyi. Amma ba zan ɓuya a bayan wannan ba. Yabon mutum ɗaya ta nema.

Me ya rage nata? 'Yan mata da dama a unguwar nan suna numfashi yadda ta koya musu. Sun gaya mini ita ma ba ta barin kuskure ya wuce, sai dai takan fara da kiran sunan yarinya, ta faɗi abin da ya yi kyau, sannan ta yi gyara. Tsananin nawa ne ta gada. Sauran ita ta koya wa kanta, kuma na san inda ta ga rashinsa.

Ranar Lahadi mai zuwa ɗaliban za su yi taron waƙa don tunawa da ita, sun roƙe ni in tashi in gabatar da ita. Mako biyu ke nan ina gwadawa ni kaɗai, in na zo kan sunan sai in tsallake shi. Shi ya sa na fara da alƙalami, wanda bai taɓa ƙi mini ba.

Sunanta Rifkatu. Rifkatu, kin rera da kyau a ranar nan, har da baiti na uku.

Ran Lahadi zan faɗa da ƙarfi, kowa a zauren zai ji, ban da ita.