Ni Na Riƙe wa Baffa Wayar

Edita, ina yi maka sallama. Lokacin da wannan abu ya faru ina koyarwa a wata firamare a ƙasar Kiru, kuma ni kaɗai na yi boko a gidanmu. Mu Fulanin zaune ne, muna noma muna kiwo. Ni ne ɗan fari, don haka tun tasowata mahaifina, wanda muke kira Baffa, bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa cin abinci a gabana ba.

Bayan cuta ta kashe yawancin shanunsa, Baffa ya canza. Ya daina zuwa kasuwar Dangora, ya rage ci, ya koma wuni a turke yana kallon igiyoyi. Na kai shi asibiti, ma'aikacin lafiya ya ce ciwon damuwa ne, ya haɗa mu da wata likitar ƙwaƙwalwa a Kano da za ta riƙa ganinsa ta waya, fuska da murya, muna gida. Baffa bai iya taɓa irin wannan waya ba, sai ya zama ni nake durƙusawa gabansa in riƙe masa. Ban taɓa matsawa kusa da fuskarsa haka ba.

Duk abin da likitar ta tambaya, amsarsa ɗaya ce, lafiya lau, alhamdulillahi. Barci lafiya, ci lafiya. Wata rana ta tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa jin gara ya mutu. Na ga leɓensa ya motsa. Ya ɗago ido, ya haɗu da nawa a bayan wayar, sai ya mayar ƙasa ya ce shi Musulmi ne. Sai likitar ta nemi in jingina wayar in ba su wuri. Ni na amsa, ba shi ba. Na ce wayar takan katse, dole wani ya tsaya, kuma ai ni ɗansa ne, babu ɓoyo tsakaninmu. Daga baya Baffa ya aiko innata ta tambaye ni ko ba za a iya kai shi Kano ya ga likitar da kansa ba. Na ce mata tsofaffi kenan, ba sa yarda da abin zamani, har na yi dariya.

Da damina Baffa ya fita da safe ba sanda, bai dawo ba. Aka bi gonaki, aka bi bakin rafi. An same shi, an yi masa sutura. Iyakar abin da zan iya rubutawa kenan. Allah ya ji ƙansa, ya yafe masa.

A zaman makoki wani amininsa ya ja ni gefe. Ya ce Baffa ya yaba da likitar, har ya ce yarinyar nan ta cikin waya ta san inda ciwo yake. Ya ce Baffa ya gaya masa maganar tana nan a bakinsa kullum, amma ina namiji zai ce yana kuka a ɓoye, yana jin ya gaji da rai, alhali ɗansa na fari yana durƙushe gabansa yana kallon bakinsa? Dattijon bai zarge ni ba. Ya dafa kafaɗata ya koma tabarma.

Na san kwana idan ya ƙare babu mai ƙarawa, kuma ban ce da na fita zai rayu ba. Amma an ba shi damar magana, ni na toshe ta. Mai karatu, idan marar lafiyarka ya yi shiru a gaban waya, kada ka yi saurin cewa ƙauyanci ne. Duba wa ke zaune a ɗakin. Tambaye shi wa yake so ya zauna da shi, ka samo mutumin, kai kuma ka fita ka yi nisa inda ba za ka ji ba.