Yadda Inna Ta Riƙe Kan Baba

Da daminar shekarar da aka tare ruwa a Kainji, ina bakin gungunmu, tsibirin da muke zaune, ina gyaran kifi, sai Baba ya sauko daga jirgi yana lalube. Ya ce tun safe yake ganin walƙiya, yanzu kuma wani baƙin labule na saukowa a idonsa na dama. Shi kaɗai ya rage masa. Na hagu, mai cire yanar ido ne ya soka masa tsinke, bai ƙara gani da shi ba. Dangi suka ce a sake kiran mutumin. Inna ta tare ƙofar ɗaki ta ce, "Wanga ido dai ba shi taɓa shi."

Malamin asibiti a Yelwa ya ce wata fata ce can cikin idon ta ɓallo, sai Kano, kuma kada kan ya girgiza. Muka hau bayan babbar mota cikin kwandunan busasshen kifi. Inna ta ɗora kan Baba a cinyarta, ta tallafe shi kamar ƙwaryar nono cike fal. Direba na tsokanarta wai amarya ta ƙi sakin ango, ta ce ya bar su ya dubi ramukan gabansa.

Likita ya mayar da fatar wurinta, aka naɗe idanun biyu, aka tokare kan da jakunkunan yashi. Sai dai da barci ya ɗauki Baba yakan zabura kamar mai jan taru, don haka Inna ta ƙara da hannunta, har yatsunta suka kumbura. Shi kuwa tambayarsa ɗaya ce, ko zai ga gungu kafin ruwa ya ci shi.

Muka dawo muka tarar an tashi kowa zuwa sababbin gidaje. Inna ta tuƙa jirgi da kanta, ta kai mu inda gungun yake a da. Ba gida, ba rumbu, sai ruwa. Baba ya daɗe yana juya kai a hankali, can ya ce, "Ga kan tsamiyarmu can." Inna ta ajiye filafili ta fashe da kuka.

Yanzu an ce har mai ake zubawa cikin ido, a kan kwalta kuma ake zuwa Kano. Bara da maigidana ya kwanta ciwon ajali, haka na tallafe kansa yadda na ga Inna ta yi. Rubuta, jikata, ƙyale hawayen nan. Ita ta riƙe ya zauna, ni na riƙe ya tafi.