Dajin Arzika da Aka Ƙone Don Baƙo

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da aka ce in sa gatari ga dajin Arzika ba. Lokacin ba mu daɗe da samun mulkin kai ba, ina ƙaramin gardin daji a Buza. Aikinmu tsaron itatuwa da kama masu sara ba izini.

Kusa da Babankatami akwai wani fili da Turawa suka ƙwace daga hannun wani manomi, Arzika, suka dasa dogon yaro. Da itatuwan suka girma aka sare su kaf, aka yi rufin ofisoshi da su, aka watsar da wurin. Ba a mayar wa Arzika ba, kuma an hana shi nomawa. Sai ya zama shi ke korar awaki daga ciki, ba wanda ya sa shi. Damina bayan damina, sabara da kalgo suka tsiro, gawo da aduwa suka biyo baya. Da na fara zuwa rangadi, wurin ya fi tsayin mutum, zabbin daji na kwana ciki. Ruwan da ke gangarowa daga dutse ya daina cin gonakin ƙasa.

Sai aka kawo mana sabon shef, wato shugaban ofishinmu. Wani babban baƙo zai zo dashen itace daga Tawa, shef yana son filin Arzika ya zama fes, da ramuka a jere.

Na ce masa, da kiran girmamawa na Faransanci, "Mushe, ai akwai daji a wurin."

Ya ce, "Wannan ƙazanta? Wa ya dasa ta? Share mini."

Na ƙi. Ya aika kamiyo, babbar mota, cike da fursunoni, suka sare, suka cinna wuta. Arzika yana tsaye bakin hanya da sandarsa. Ya dube ni da kakina ya ce, "Ɗan nan, mi wanga itace ya yi muku?"

Baƙon ya zo, ya dasa ƙwara ɗaya, aka tafa, ya wanke hannu ya shiga mota, aka dasa sauran bayan tafiyarsa. Ni kuwa aka tura ni Keita saboda taurin kai. Ba wanda ya koma ya ba dashen ruwa; kafin rani ya ƙare duk sun bushe. Daminar da ta biyo, kwari ya tsaga filin, ya cinye rabin gonar da ta rage wa Arzika. Ya kwashe iyalinsa ya yi kudu. Shef ɗin kuma aka ƙara masa girma.

Ku matasan da ke wannan aiki, ku ji. A sarwis ɗinmu, wato ma'aikatar daji, na ga mutanen da ba sa ƙaunar itace, sai wanda za a ce su suka dasa. In an tura ku fili, ku fara duba abin da ƙasa ta fitar da kanta, ku tambayi wanda ya tsare shi. Ni na duba, na faɗa, bai hana komai ba. Har yau in na bi ta wurin, kau da kai nake yi.