Ranar da Na Ba da Babban Mabuɗi

Shekara huɗu na yi ina riƙe da kwamfutar wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Funtua. Duk wanda ya zo, ni ke shigar da sunansa da ciwonsa da maganin da likita ya rubuta masa. Yawancinsu manoma ne da matansu daga ƙauyukan kewaye. Tun a shekarar farko muka daina rubuta kati, lamba kawai muke ba mutum ya tafi da ita.

Injiniyan da ya haɗa mana na'urar ya ba ni lambobin sirri biyu. Ɗaya ta aikin kullum ce. Ɗayar kuwa ya ce ita ce babban mabuɗi, duk wanda ya same ta zai iya korar kowa ya goge komai, don haka ko shi ne ya kira kada in faɗa a waya. Ya kuma ba ni faifan da zan riƙa kwafe bayanai duk Alhamis, in zare in kulle a durowa. Na kiyaye har shekara biyu. Daga baya na gaji da zarewa, na bar shi a jone.

Wata Litinin da hantsi, layi har bakin ƙofa, wani ya kira ni. Ya ce daga kamfanin injiniyan yake, za su gyara mana manhaja daga can, in ba shi babban mabuɗin. Ya san sunan likita, ya san irin na'urarmu. Wata mata na tsaye gabana, jaririnta na ta kuka. Na karanto masa lambar don in samu in sallame ta.

Ranar Laraba kwamfutar ta ƙi buɗe mini. Injiniya ya zo daga Zariya, ya zauna a kanta har la'asar. Ya ce mutumin da ya kira ni ya cire ni, ya share komai, har da faifan tunda a jone yake. Bai sake kira ba. Har yau ban san abin da yake nema ba.

Likita bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi ɗin. Bayan mako guda wani dattijo daga Mahuta ya kawo matarsa. Bara an yi mata wata allura, jikinta ya kumbura har aka fitar da rai da ita, ni da hannuna na shigar da sunan allurar. Ya miƙo mini lambarta a ƙunshe cikin leda.

"Malam, duba mana, kada a maimaita mata waccan."

Na ce masa babu. Ya ce shi bai iya karatu ba, shi ya sa ya bar mana ajiyar. Likita ma bai tuna ba, kuma ya ƙi yin kasada. Aka tura su babban asibiti a kan babur, tana jingine a bayan mijin. Ban sake jin labarinta ba.

Ƙarshen watan na ajiye aikin, na koma gonar masarar mahaifina. Idan na shiga gari, ta bayan kasuwa nake zagayawa don kada in bi ta ƙofar asibitin.