Raƙuman Baba Agali a Tele

Har gobe ba na mantawa da ranar da Baba Agali ya zo ƙofar gidanmu a Dakoro, ya ƙi zama kan tabarma, ya ƙi shan ruwa.

Lokacin ina rejisar a ƙungiyar Alhaji Isuhu, wato ni ke nemo wuri da dabbobi da duk abin da za a ɗauka a kamera. Alhaji kuwa ya fi shekara talatin yana shirya wa tele, wato talabijin, wasannin jandarma da ɓarayi. Kafin a gama nuna wannan ya rubuta wancan. Mutum ne mai faɗa kamar ya ci babu, amma ba ya cin abinci sai ya ga kowa da kwano a gabansa.

Bayan girbin gero ya zo garinmu ɗaukar wasa kan satar raƙuma. Ni ɗan gari, sai na nufi wajen ƙauyen Rumbu na roƙi Baba Agali, wani dattijon makiyayi abokin mahaifina, ya ara mana raƙuma bakwai. Muka ɗauki 'yan wasanmu masu kayan jandarma suna ƙwato su daga hannun ɓarawo. Kamera ta matso har wuyan raƙuman, Alhaji yana ta yaba kyan hoton.

Abin da na sha'afa, kuma ni ya kamata in tuna, shi ne shaidar da ake ɗora wa raƙumi a wuya da ƙarfe mai zafi. Mutumin birni zane kawai yake gani. Makiyayi kuwa da ya kalla ya san gidan da dabbar ta fito. Ana nuna wasan, magana ta zagaye rijiyoyi cewa an kama raƙuman sata da shaidar Agali. A kasuwa dillalai suka fara kauce wa dabbobinsa.

Baba Agali yana tsaye a ƙofar gidanmu ya ce mini, "Ɗana, shaidag ga ta kakana ce. Ba a taɓa kiran ta da sata ba sai da na ba ka aro."

Kunya ta rufe ni. Na buga wa Alhaji waya ina jiran zagi. Zagin na sha shi kuwa, na minti biyu, sannan ya tambayi ranar kasuwa.

Ya iso daga Maraɗi da kamera. Ya ce zai bi dillalai ɗaya bayan ɗaya ya yi musu bayani, Baba Agali ya girgiza kai.

"Alhaji, tele ta faɗa, tele za ta warware."

Alhaji bai taɓa yarda a ɗauki fuskarsa ba, ya ce aikinsa bayan kamera yake. Ranar ya gyara hula ya tsaya tsakiyar kasuwar dabbobi, hannunsa a wuyan raƙumi, yana ta tuntuɓen harshe kamar sabon ɗan wasa. Sau huɗu muna sakewa. Ya ce wasa ne, raƙuman aro ne daga mutumin kirki, kuskuren kuma nasa ne. Bai ambaci sunana ba. Aka sa wannan a farkon kashi na gaba.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ɓarawonmu na ƙarya ne, jandarmanmu ma haka, amma duk abin da muka aro na wani ne, kuma da sunansa a jiki. Baba Agali ya sake shan ruwa a gidanmu. Raƙumi dai bai ƙara ara mini ba har ya rasu.